Bakin Teku Ko Tudu?

Tun zamanin kakanninmu Bahaushe mutum ne mai tafiya. Fatake su kan ɗaura kaya a bisa jakuna, su bi ayari har Gwanja su sayo goro, su yi wata da watanni ba su ga gida ba. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin shekarar 1911, sai akalar tafiya ta juya ta nufi Ikko, watau garin da yanzu aka fi kira Legas. Mu ma a ƙasar Gwarzo haka abin ya ke. Da an gama kaka an zuba hatsi a rumbu, sai ka ga samarin Mainika da na Getso da Kutama da Lakwaya, har da maƙwabtanmu na Kabo, kowa ya saɓa jakarsa ya tafi cin rani. Kafin ruwan shuka kuwa sun komo. Amma a dukan wannan kai da kawowa, mata da yara suna gida, ba wanda ya ke tunanin ɗaukarsu.

Yanzu zamani ya sake. Gonar da kakan mutum ya noma shi kaɗai, an raba ta gado sau biyu ko sau uku, abin da ya zo hannun jika bai fi ya ci wata huɗu ba. Saboda haka cin rani ya zama cin shekara, mai shekara ɗaya ya zama mai goma. In kuwa magidanci ya daɗe haka, ko ba jima ko ba daɗe sai tambaya ta taso masa: shin zai ci gaba da ganin 'ya'yansa daga Salla sai Salla, ko kuwa zai kwaso su su zo inda ya ke? In ya ce zai kwaso su, sai wata tambayar ta biyo baya, wadda ta fi ta farko wuya. A wace unguwa zai ajiye su? Namiji shi kaɗai ko'ina ya samu ya kwana, ko a rumfar kasuwa, ko a barandar masallaci, ko cikin kangon da ya ke gadi. Iyali ba haka su ke ba.

Ni wannan tambaya ta same ni bayan na shekara 11 a Ikko. Ina da ɗan shago a Ajah, ina sayar da wake da gero da busasshen barkono da albasa, waɗanda na ke sarowa a kasuwar Mil 12. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, babbansu ya isa shiga aji biyar. Wurare biyu ne a gabana. Ɗaya ita ce Ajah ɗin da kanta, inda abincina ya ke. Ɗayar kuwa Agege, inda mutanenmu suka fi yawa. Tsakaninsu wajen mil 30 ne, amma mil 30 na Ikko ba irin na hanyar Gwarzo zuwa Kano ba ne, domin a can ba a auna tafiya da mil, sai da awa.

Bari in kwatanta wa wanda bai taɓa zuwa ba. Ajah tana kan wani dogon zirin rairayi da a ke kira Lekki. Ta kudu da shi babbar teku ce, wadda ba a ganin iyakarta. Ta arewa kuma akwai wani makeken tafki mai haɗe da tekun. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, kaɗan ta ɗara ruwan tsawo, da yawa daga cikinta ma fadama ce aka cike da yashi aka yi gini a kai. Agege kuwa tana can ciki ta arewa, gab da Ikeja inda filin jirgin sama na Murtala Muhammed ya ke. Jar ƙasa gare ta mai tauri, ga hawa da gangara, in ka runtse ido ka taka ta sai ka ce ta wajenmu ce.

Ba zan ɓoye alherin bakin teku ba, gama na ci shi. Nan ne kuɗi ya ke. Duk inda ka juya gini a ke yi, masu hali suna tasowa daga cikin gari suna cika sababbin unguwanni, kowannensu kuwa yana bukatar mai gadi da direba da mai kawo ruwa da mai sayar masa da kayan miya. Cikin shekarar 2023 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki, a cikinta kuma aka ƙaddamar da matatar mai ta Alhaji Aliko Ɗangote, duk a gaba da Ajah ta gabas. Mudun waken da na ke sayarwa a can, in a Agege ne ba zan sami ribar da na ke samu ba, domin a Agege kowane lungu akwai ɗan'uwana mai irin kayana. Ga iska mai daɗi da ta ke kaɗowa daga teku da maraice. Abin da ya fi duka kuma, in na zauna a Ajah zan rufe shago in taka da ƙafa in isa gida, in ci tuwo tare da 'ya'yana kowane dare. Wanda ya shekara 11 yana cin abincin saye a tsaye, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da wannan ra'ayi na komo gida wata Babbar Salla. Na zauna gaban mahaifiyata na zayyana mata. Ba ta taɓa ganin teku ba, ruwan da ta sani mafi girma shi ne madatsar Guzuguzu. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Wannan wuri da ka ke yabo, fadama ne ko jigawa?" Na ce, "Inna, in gaskiya a ke so, fadama ne." Ta ce, "To, kai ɗan nan, duba garin nan tun daga gidan Dagaci har bakin hanya, gidan wa ka gani a fadama? Rake da shinkafa su a ke kai wa can."

Maganar Inna ta tsaya mini a rai, domin haka ɗin ne. Mutanen da suka kafa garuruwanmu sun san fadama ta fi jigawa albarka nesa ba kusa ba, amma duk da haka suka hau tudu suka yi gidaje, suka yarda su riƙa tafiya da fartanya a kafaɗa safe da yamma. Sun raba wurin nema da wurin kwana. Da na koma Ikko sai na shiga duban Ajah da idon mai neman wurin kwana, ba da idon ɗan kasuwa ba.

Abu na fari ruwan sama. Abin da a ke yi a Ikko cikin shekara ya kusa ninka namu na Kano, yana kuwa tsananta cikin watan Yuni da na Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya komo a Satumba. Yawansa ba shi ne abin tsoro ba, rashin wurin zuwansa shi ne. Ku sani ita teku ba ta zama wuri ɗaya. Tana cika tana janyewa sau biyu cikin yini da kwana, bisa ga jan da wata ya ke yi mata. In aka yi babban ruwa daidai lokacin da ta cika, magudanun gari ba su da inda za su zubar da nasu, sai ma ruwan tafki ya biyo su ya komo cikin unguwa. Ranar 8 ga Yuli, 1917 ba a yi wannan magana ba, domin a lokacin Lekki daji ne da ƙauyukan masunta. Amma shekara ɗari bayan haka, cikin Yulin 2017, ruwa ya shafe titunan Lekki da Ajah da Victoria Island, har aka ga mutum yana tuƙa kwalekwale a kan titin mota. Ni a shago, na ɗora buhunana bisa benci na hau kai na zauna. Amma na tambayi kaina, in da yaro mai rarrafe a ɗaki, a kan me za a ɗora shi, har kwana nawa?

Kada mai karatu ya ɗauka tudu ba ya ganin ambaliya. Babban ruwan da aka yi ranar 10 ga Yuli, 2011 bai bar ko'ina a Ikko ba, har da gefen Agege, an kuwa yi hasarar rayuka. Wanda ya kama ɗaki a bakin kwata a Agege bai tsira ba. Bambancin shi ne a tudu ruwa wucewa ya ke yi, in magudana ba ta toshe ba kafin la'asar ƙasa ta sha iska. A rairayin bakin teku kwanciya ya ke yi, ya yi kore, sauro ya yi gida a ciki.

Abin mamaki kuma, wurin da ruwa ya kewaye ta ko'ina nan ne ruwan sha ya ke wuya. In ka haƙa rijiya a Ajah ba ka kai gaba biyu za ka tarar da shi, amma a gidaje da yawa ja ne ko rawaya, yana da ƙarni, wani ma da ɗanɗanon gishiri. Farar riga in ta sha wanki uku da shi ta tashi daga fara. Masu hali suna da injin tacewa, ko su sayi na tanki. Talaka sai jarka da ruwan leda. Da yake kuma ruwan ƙasa yana kusa, masai da rijiya ba su da nisa da juna a ƙarƙashi, ko da a sama an raba su. Da cutar amai da gudawa ta ɓarke a Ikko cikin Yunin 2024, ƙaramar hukumar Eti-Osa, wadda Ajah ta ke cikinta, tana cikin wuraren da abin ya fi taɓawa. Na zauna na yi lissafin jarka nawa mutum shida za su sha, su yi girki, su yi wanka da wanki da alwala a wata guda. Abin da ya fito ya cinye kusan rabin ribar da na ce bakin teku ta fi tudu da ita.

Har ila yau akwai wani abu da ya fi ruwa ban tsoro, shi ne darajar ƙasar kanta. Duk wurin da masu kuɗi su ke so, zaman talaka a cikinsa na aro ne. Tsofaffin 'yan cin rani suna ba da labarin Maroko, wata babbar unguwar talakawa da ta ke gab da Victoria Island. Cikin Yulin 1990, zamanin Gwamna Kanar Raji Rasaki, aka ba mutanenta wa'adin kwana 7, sa'an nan aka sa motocin rusau suka baje ta. An ƙiyasta mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni, a tsakiyar damina. Yau in ka bi ta wurin manyan benaye za ka gani. Cikin 2016 da 2017 aka yi wa Otodo Gbame haka, wani ƙauyen masunta a bakin tafki a Lekki. Cikin 2024 kuma, da aka fara babbar hanyar da za ta bi gaɓar teku daga Ikko zuwa Kalaba, an rushe gine-gine da dama, har da na masu hannu da shuni. To, ɗakin da irina zai iya biya a Ajah ba a cikin unguwa mai ƙofa da mai gadi ya ke ba. Yana can gefe, a filin da in ka tambayi mutum uku mai shi, za ka ji suna uku. Gwauro in aka zo rusau ya naɗe tabarmarsa ya yi gaba. Mai 'ya'ya huɗu fa?

Sai na juya wajen Agege. Hausawa sun daɗe a nan ƙwarai. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta tsakiyarta, ƙasar kewayenta kuma ta karɓi itacen goro, saboda haka fatakenmu suka yi zango a wurin suna saye suna lodawa zuwa Arewa, masu shanu kuma suna saukewa. Har yanzu akwai unguwar da a ke kira Zango, akwai Sarkin Hausawa, ga babbar mahauta a Oko-Oba. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su, suna jin Yarabanci kamar Hausa. Ga makarantun allo da na Islamiyya, ga Markaz, babbar makarantar Arabiyya wadda Shaihu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa a Abekuta cikin 1952, daga baya ya maido ta nan. In haihuwa ta zo akwai wanzami da ungozoma, in mutuwa ce akwai masu wanka da maƙabarta. Motocin Kano kuma daga nan su ke tashi, in aka bugo waya da dare aka ce jikin Inna ya motsa, ba sai na ƙetare gari ba.

Aibinta kuwa a fili ya ke. Cunkoso ne wanda ba a misaltawa. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 450,000 a wannan 'yar ƙaramar hukuma, yau kuwa sun fi haka. Yawancin gidajen haya dogon zaure ne da ɗakuna suna kallon juna, madafa ɗaya, makewayi ɗaya ko biyu, gida guda ya tara iyali goma. Macen da ta saba da tsakar gida mai faɗi da katanga da inuwar darbejiya, ranar farko sai ta yi kuka. Akwai zauna-gari-banza da su kan tare lungu da dare. Kuma zama cikin 'yan'uwa ba ya hana fitina in ta taso, gama an yi rikici tsakanin mutanenmu da 'yan gari a Idi-Araba cikin 2002, da Mil 12 cikin 2016, duk kuwa unguwanni ne da Hausawa suka yi yawa. Amma na lura a Agege auratayya da cuɗanya sun yi zurfi, dattawan ɓangarorin biyu sun san ƙofar gidan juna.

Wadda ta yanke maganar ita ce uwargidana, ko da ya ke ba ta ce ga inda ta ke so ba. Da na kwatanta mata wuraren biyu, tambaya ɗaya ta yi. Ta ce, "Malam, kai da asuba za ka fita, sai bayan isha. Ni da zan yini a ɗakin, wa zan yi wa sallama ta katanga? Wa kuma zai sayi ƙuli-ƙulina?" Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ita a Mainika ba a zaune ta ke ba. Tana matsar gyaɗa, tana da keken ɗinki, da abin da ta ke samu ta ke yin adashi da biki da sabulun yara. Wannan sana'a ba ta tafiya sai da maƙwabta masu cin irin abincinmu, masu sa irin ɗinkinmu. A Ajah za ta zama baƙuwa tsakanin mutanen da ba ta jin harshensu, ta koma sai abin da na miƙa mata. Ko keken ma iskar gishiri ba za ta bar shi ba, domin a can na ga kwanon rufi sabo ya yi tsatsa cikin 'yan shekaru, kwaɗon ƙofa kuwa sai ana ɗiga masa mai. Mu maza in muna zaɓen unguwa mu kan auna ta da nisan wurin aikinmu, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin zama a cikinta.

Da na ƙudura sai Agege, ban yi gaggawa ba. Na jira watan Yuni, domin gidan haya da rani duk amarya ne. Na riƙa zuwa bayan an ɗauke ruwa ina duban gindin bango, ko akwai zanen da ambaliya ta bari. Na ɗebi ruwan rijiya na kurɓa. Na je da dare na ga lungun. Wani dillali ya kai ni wani gida mai kyan fenti, ya rantse ruwa bai taɓa shiga ba, sai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a ƙofar ta nuna mini gwiwarta ba ta ce kome ba. Na gode mata na wuce. A nan ne kuma karatun da na yi a ajin manya ya biya ni. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a irin waɗannan unguwanni. Wani mai gida ya nemi na shekara biyu, na ce masa na san dokar, muka rabu lafiya. Inda na kama daga baya, sai da na karanta takardar yarjejeniya layi layi, na ga an rubuta kuɗin dillali dabam, na ajiya dabam, na karɓi rasiɗi kafin in miƙa ko kwabo. Ɗaki biyu ne a kan gangara, a gidan wata Hajiya 'yar asalin Katsina wadda a nan aka haife ta.

Zaɓin nan yana da tsada, ni ne kuwa na ke biya. In zan buɗe shago da wuri sai in tashi kafin kiran assalatu, in bi ta doguwar gadar nan ta bisa tafki wadda aka gama cikin 1990, in shiga hanyar Lekki. In Allah ya taimaka awa biyu, in hanya ta cushe har huɗu. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe cikin 2024, mai tashi daga Agbado ya bi ta Agege zuwa Oyingbo, ya rage mini wani abu, amma bai ƙetare ruwa ba, sauran tafiyar sai mota. Da na ga kuɗin mota da gajiya za su kashe ni, sai na koma kwana a shago daga Litinin zuwa Laraba, in komo gida ran Alhamis da dare. Watau tuwon daren da na yi kwaɗayi, rabinsa na samu.

Ina da aboki mutumin Kabo wanda ya zaɓi akasin nawa. Shi direba ne a gidan wani mai hali a Lekki, an ba shi ɗaki biyu a bayan gida, da ruwan famfo tacacce da wuta. Iyalinsa suna nan tare da shi, ba ruwansu da ambaliya domin an ɗaga ginin. In mun haɗu ya kan yi mini dariya, ya ce na mai da kaina ɗan cin rani a cikin gari ɗaya. Ba na musu da shi, gama ga mai irin halinsa bakin teku ya fi. Abin da na kan tambaye shi kawai shi ne, ran da aikin ya ƙare, ɗakin na wa ne? Shi kuma ya ce Allah na nan. Haka ne.

Yanzu shekararmu biyu. Yaran suna makarantar gwamnati da safe, inda a ke koya musu Yarabanci bisa dokar jihar ta 2018, da yamma kuma suna allo. Babban har ya fara yi mini tafinta in mai gidan shagona ya zo karɓar haya. Uwargida ta shiga adashin matan layinsu, ta kuma sami masu sarin ƙuli-ƙuli biyu a bakin tasha. Ni kuwa na sa ƙanena a shagon Ajah yana koyon ciniki, ina neman rumfa a Agege ko kusa da Mil 12. In ya iya riƙe awo da littafin bashi kafin baɗi, sai in bar masa can, in riƙa leƙa shi ran Asabar.